Otal ɗin da ke Bayan Masu Agogo

Jama'a, abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, kuma Allah ne shaidata. Shekarun baya ne, tun ba a fara hawa jirgin ƙasan cikin gari na metro a Riyad ba, lokacin ina direban gida a unguwar Suwaidi wajen wani Balarabe ma'aikacin ofis, shi ne kafilina, wato iƙamata, takardar izinin zama, da zamana a ƙasar duk a hannunsa suke. Aikin ba shi da wuya, in kai yara makaranta, in kai matar gidan kasuwa, sai kuma kula da mahaifinsa, wani dattijo da kowa ke kira Abu Salih, wanda tsufa ya fara taɓa masa tunani, ga kuma ciwon suga.

Shi ma tsohon direba ne. Da ƙuruciyarsa babbar mota yake ja daga bakin teku zuwa Riyad, tun hanyar rabinta yashi ne, shi ya sa jininmu ya haɗu. Yana da wani ɗan littafi da ba ya rabuwa da shi, takardunsa sun yi ja don tsufa, irin wanda aka buga wa masu tafiya da mota a zamanin da. A ciki an faɗi inda za ka sha mai, inda za ka sami ruwa da mai faci, otal ɗin da ke da fanka, shagunan da ke sayar da agogo da rediyo, har da zanen ƙofofinsu. Kullum bayan la'asar sai ya zaunar da ni ya yi ta karanta min, yana cewa nan ya taɓa kwana, nan ya sayi agogonsa na farko. Ɗansa kuwa ya ja min kunne tun ranar da na zo, ya ce ko masallacin unguwa kada in fita da shi sai ya sani.

To ranar da abin zai faru, lokacin zafi ne sosai, iyalin sun yi tafiya hutu, maigidan yana wajen aiki. Na idar da azahar ke nan na fito, sai na tarar da tsoho zaune a kujerar gaban mota ya sa farar jallabiya, ya fesa turare, littafin a cinyarsa. Ya ce in kai shi tsohon gari wajen Batha ya ga layin masu agogo, ko daga cikin mota ne. Na kira ɗansa bai ɗauka ba, na dubi tsohon nan na ga idonsa ya kawo ruwa, wallahi tausayi ya kama ni, na ce a raina ai yanzu za mu dawo.

Da muka shiga tsohon gari sai ya buɗe littafin ya fara ba ni hanya. Ya ce in na wuce gidan mai in yi dama, alhali ba wani gidan mai sai dogayen gine-gine, amma ikon Allah duk inda ya ce in karya sai in ga lungu a wajen. Taswirar wayata ta tsaya cak, ban damu ba, na ɗauka zafi ne. Muna ta shiga, lungun yana ƙara matsewa, har muka faɗa wani layi na ginin ƙasa, shaguna masu ƙofar katako a buɗe, ga agogo a rataye, ga manyan rediyo irin na kakanninmu, ga fitilun kananzir, amma ba mai saye ba mai sayarwa. Abin da ya fara tayar min da tsigar jiki shi ne shirun. Wanda ya zauna a Riyad ya sani, duk inda ka tsaya da rana sai ka ji gurnanin na'urar sanyi a jikin gini. A layin nan babu ko ɗaya.

Sai ya ce tsaya. Wani bene ne mai koriyar ƙofa, na duba littafin na duba ƙofar, ita ce sak, ƙofar otal ɗin da ya ce ya taɓa kwana. Mutumin da sai na kama shi yake iya miƙewa, kafin in ja birkin hannu ya buɗe mota ya fita da sauri kamar saurayi. Na bar motar a kunne na bi shi da gudu.

Ciki sanyi kamar bakin rijiya, fanka tana juyawa a sama amma ba ta ƙara. Mutane ne zazzaune a kan benci suna shan shayi, jikinsu duk ƙurar tafiya, kowa kansa a sunkuye. A bayan wani tebur kuma ga wani baƙin dattijo mai zane a fuska irin na mutanenmu, makullai a rataye a bayansa. Abu Salih ya yi masa sallama, shi kuwa ya amsa kamar wanda dama yake jiransa, ya zaro makulli ɗaya ya miƙa masa. Sannan ya juyo ya dube ni, ya yi min magana da Hausa, tsohuwar Hausa mai nauyi irin wadda rabona da jinta tun kakana yana raye.

"Ɗan samari, kai ka kawo shi?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya tambaye ni garinmu na faɗa masa, ya tambaya ko damina ta sauka a gida, na ce an fara shuka, ya yi ta gyaɗa kai. Ya ce shi a ƙafa ya baro gida zai je hajji, ya tsaya nan ya ɗan yi aiki kafin ya wuce. Na ce tun yaushe? Sai ya sassauta murya ya ce, "Shi yana da ɗaki a nan, kai ba ka da shi. In ka bari ya hau benen can, kai kaɗai za ka koma, sai ka san abin da za ka faɗa wa ɗansa."

Na waiga, ashe tsoho har ya ɗora ƙafa a matakala. Na riƙe masa hannu ina cewa ya Ammi, wato baffana, mu tafi gida, ya fizge, ya kwaɗa min littafin a fuska, ya ce abokansa suna sama suna jiransa. Ni da aka yi min tarbiyyar ko ido ba na haɗawa da babba, ranar sungumarsa na yi na saɓa a kafaɗa, yana kuka yana kiran sunayen wasu mutane. Makullin ya suɓuce daga hannunsa, na ga faɗuwarsa amma ban ji ƙararsa ba. Nan take masu shan shayin nan suka ɗago kai gaba ɗaya. Ban kalli fuskar ko ɗaya ba, Allah ya kiyaye ni, na runtse ido ina jan Ayatul Kursiyyu, har yau ban san yadda na sami ƙofa ba.

Na saka shi a mota na yi ta baya da baya har na ji ƙarar motoci. Ina hawa babban titi sai na ji ana kiran sallar magariba. Innalillahi. Mu da muka shiga ko la'asar ba a yi ba, kuma zan iya rantsuwa ban daɗe a ciki kamar a sha kofin shayi ba. Fitilar mai ta kama, waya ta dinga rawa da kiran maigida da ban gani ba.

A ƙofar gida na same shi, har ya kai ƙara wajen 'yan sanda. Ya zage ni tas, ya ce gobe zai soke iƙamata ya mayar da ni inda na fito. Na ba shi labarin yadda aka yi, ya ce rana ce ta dake ni. Amma motar tana da na'urar da ke nuna masa inda take, don haka washegari ya ce in zo mu je wajen da ta tsaya. Fili ne fetal, inda aka rushe tsofaffin gidaje ana ajiye motoci. Mai gadin wajen, wani ɗan Bangaladash, yana ganin motar ya gane ta. Ya ce jiya ta wuni a tsakiyar filin a kunne, ƙofofi biyu a buɗe, ba kowa a ciki, har ya so ya kira hukuma, ya shiga sallah ya fito ya ga ba ta nan. Maigida ya juya muka koma gida. Bai kore ni ba, ya dai ce kada matan gidan su ji.

Abin da ya sa na bar aikin da kaina daban ne. Abu Salih bai taɓa sanin ko sannu da Hausa ba, waladi kawai yake ce min, wato ɗana. Bayan kwana kaɗan na shiga kai masa maganin safe, sai ya ɗago ya dube ni, da bakinsa, da Hausa tsantsa mai nauyin nan, ya ce, "Ɗan samari, yau ma ba za ka kai ni masauki ba?"

Haka ya dinga yi min kowace safiya, in muna mu biyu. In wani ya shigo sai ya koma Larabcinsa kamar ba shi ba. Na daina iya cin abinci, na rame, na roƙi maigida ya sake ni na koma wani sito a unguwar Sulai ina lodin kaya. Can na ji labarin rasuwar tsohon, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne.

Na tambayi malamai, wani ya ce aljanu ne, wani ya ce in bar bincike, ni dai ban sani ba. Amma 'yan uwana direbobi, ku riƙe azkar ɗinku kafin ku tayar da mota. In kuma kuna tuƙi a tsohon gari, na kusa da ku yana nuna muku lungun da ba ku taɓa gani ba, ku sauke gilashi ku saurara. In kun ji shiru, kada ku kashe mota, kada ku sauka, ku yi baya.