Ƙwaryar Ruwa a Kujerar Baya

Motar maigidana ta girmi aurenmu, ina jin ma ta girme ni. Tsohuwar tasi ce da ta bi hannaye da yawa kafin ta faɗo namu. In ya tashe ta da safe a ƙofar gidanmu a Zongon Kumasi, sai ta kama karkarwa kamar mai masassara, madubi na rawa, ƙofofi na kaɗawa. In ya sa giya kuma sai ka ji gum daga gaba. Na sha yi masa tsiya cewa ya ba masu tankaɗen gari hayarta, su huta da rariya. Shi kuwa sai ya shafa sitiyari ya ce ai tana kai mutum inda za shi. Tana kaiwa kam, amma sai hanjinka ya gaya maka.

A ƙarshen 1969 aka yi wa mahaifina aikin ido. Baba ya daɗe yana fama da yanar ido, har ta kai ba ya gane kowa sai ta murya, Alƙur'aninsa ma sai dai ya shafa. Ido ɗaya ya riga ya mutu, ɗayan ne likita ya ce za a gwada. A zamanin, in an yi wa mutum wannan aiki, kwantar da shi ake yi a tare kansa da jakunkunan yashi hagu da dama, ko tari ba a so ya yi. Da sallamarsa daga asibiti ta matso, nas ta ja ni gefe ta ce mu ɗauke shi kamar ƙwai. In kansa ya girgiza a hanya ɗinkin zai iya buɗewa, idon ya tafi ke nan.

A daidai lokacin ne kuma gwamnati ta ba baƙi marasa takarda wa'adin barin ƙasar. Mu takardunmu sun fito, don a Kumasi aka haifi Baba, amma Zongo ta hargitse. Ko'ina ɗaurin kaya ne da koke-koke, kuma duk wata motar kirki ta nufi bakin iyaka. Na bi gidajen masu mota har Dichemso, ban samu ko ɗaya ba. Sai tamu ta rage.

Maigidana ya ce zai tuƙa a hankali. Na ce masa, "Kai ma ka san a hankalin ne ta fi hauka." Muka yi ta sa-in-sa har na fashe da kuka, rabi tsoro rabi haushi.

A bayan layinmu akwai wani fita mai gyaran mota, ɗan ƙabilar Moshi, kowa Masta yake ce masa. Bai daɗe a unguwar ba, ya zo ne bayan idon Baba ya rufe. Kullum da safe yakan sayi koko a wurina, ya durƙusa ya gaida Baba a kan tabarmarsa, su ɗan taɓa hira. Ba shi da takarda, kuma kowa ya san ya gama ɗaure kayansa, shi ya sa ko a raina ban kawo shi ba. Da ya zo da kofinsa washegari ya dube ni ya ce, "Mma, yaya ido naka ya yi ja haka?" Na faɗa masa komai.

Ya ajiye kofin, ya buɗe bonet, ya sa maigidana ya taka totur. Da idona na ga injin ya ɗaga gefe guda ya faɗo. Masta ya ce, "Injin-sit ya mutu koraa, gaba ɗaya. Roba ya gama, ƙarfe na zaune kan ƙarfe." Ashe wasu robobi ne masu kauri da inji yake zama a kansu, su ke shanye girgizarsa kada ta kai ga jikin mota. Maigidana ya ce tuni ya je Suame, kasuwar kayan mota, nema, ya tarar masu sayar da irinsu sun kulle shaguna sun tafi.

Masta ya wuce gida. Can sai ga shi da jak da sifanoni, da wani ɓangaren tsohuwar tayar lori a kafaɗa. Kayan da ya ɗaure don tafiya ya kwance. Ya yanka tayar gunduwa-gunduwa da wuƙa yana tsoma ta a ruwa, ya sa ƙarfe a murhun kokona ya yi ja, ya huda su, ya jera wata kan wata. Suka ɗaga injin shi da maigidana suka cusa.

Da aka tashi motar, maigidana ya washe baki ya ce ta yi. Masta ya girgiza kai. Ya ce, "Ni da kai jiki namu ya saba, ba mu ji. Mma, kawo ƙwarya, cika ruwa har baki." Ya sa na zauna a kujerar baya, daidai inda kan Baba zai kwanta, na ɗora ƙwaryar a cinyata. Ana taka totur ruwan ya jiƙa mini zane.

Suka sake ɗaga inji. Ya rage nan, ya ƙara can, na sake cika ƙwarya. Ban san sau nawa muka yi haka ba. Maigidana ya gaji, ya fara cewa ai ɗan ɗigo ne kawai. Na ce ɗan ɗigon nan idon ubana ne, ban yarda ba. Masta ya yi dariya ya ce, "In Mma ya ce bai yi ba, bai yi ba." Matarsa ta zo har wurin ta ce an fara lodi a tasha, ya ce mata yana zuwa, ya sake shigewa ƙarƙashin mota. Daga ƙarshe ya yanko gefen tayar, wurin da ya fi laushi, ya sa a tsakani. Wajen la'asar na zauna da ƙwaryata, inji na aiki, ruwan na ɗan motsi amma ko ɗigo bai zuba ba. Kafin in fito in yi masa godiya yadda ya kamata, ya tattara sifanoninsa ya bi bayan matarsa da sauri.

Da safe muka ɗauko Baba, kansa a kan filo a cinyata, hannuwana biyu na tallafe da shi. Maigidana ya bi ta kasuwar Kejetia yana jan ƙafa, na baya suna ta hon da zagi, bai kula su ba. Muna cikin tafiya Baba ya ce, "Motar wa kuka aro?" Maigidana ya yi dariyar daɗi ya ce ai tamu ce, Masta ne ya gyara ta.

Bayan kwanaki muka koma aka cire bandeji, aka ba shi wani tabarau mai kauri. Idon ya tashi, alhamdu lillahi. Ya ƙura mini ido ya ce ashe na yi ƙiba haka ba wanda ya faɗa masa. Da muka dawo gida ya zauna a tabarmarsa, ya daɗe yana kallon ƙofofin maƙwabta da aka garƙame. Sai ya ce, "Kira mini Masta. Ina so in ga fuskar mutumin nan."

Na ce, "Baba, ai tun ranar da ya gyara motar ya tafi. Ba wanda ya san garin da ya sauka."

Can ya ce, "To zauna ki faɗa mini kamanninsa."

Na zauna a gefen tabarmar. Na ce gajere ne, baƙi, yana da tsage a kumatu da wushirya, kuma babban yatsansa na dama ba farce. Ina cikin faɗa na ga Baba ya cire tabarau ya rufe idon, yana gyaɗa kai. Ya ce, "Ci gaba, ina ganinsa."