Ƙwaryar Aisa da Fim Ɗin da Na Nuna a Gure

Kakata Falmata ba ta fara tatsuniya sai an gama tuwo. Lokacin sanyi mukan kewaye murhunta a gidanmu na Gure, tana gasa mana gorubar da ta ɗebo daga kwari. Ni takan zaunar kusa da ita, ta ce, "Matso nan, maigida, kai da kunnenka ke yawo." Sai ta gyara murya: "Ga ta nan tafe, ku tare ta."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta Aisa, yarinyar da rairayi ya fara binne garinsu. Da aka yanke shawarar ƙaura, kowa ya ɗaure kayansa, ita kuwa ta sa wuƙa a wuta ta zana garin a bayan ƙwarya. Da suka sauka a sabon wuri aka karɓa aka duba. Babu gidan maigari, babu kasuwa. Igiyar rijiya ce, da tsagar wani bango, da yankakken kunnen jakin maƙwabcinsu. Aka yi ta yi mata dariya. Bayan shekaru, waɗanda suka yi dariyar su ne ke sallama suna aron ƙwaryar.

Na ce, "Kaka, me ya hana ta zana gidan maigari?"

Ta ce, "Wannan ai kowa zai tuna da shi."

Na girma na zama mai zane, daga baya na ɗauki kamara. Fim ɗina na farko babu magana a ciki, sai hannuwan manoma a kwarinmu da rairayin da ke hawan dabino. A ƙasashen waje an tafa mini. Da na nuna shi a Gure kuwa, samari suka yi ta tambaya ina jarumin, suka watse tun ba a kai rabi ba. Na ji kamar in bar sana'ar.

Ina naɗe wayar majigi sai na ga Baba Mamadu, ƙanin mahaifina, bai tashi ba. Lambunsa na cikin waɗanda rairayi ya cinye.

Ya ce, "Ɗana, mayar da fim ɗin baya, wurin mai ɗaure guga."

Na mayar. Ya daɗe yana kallo.

"Hannun Yaya ne wannan. Shi kaɗai ke irin wannan ƙulli."

Mahaifina ne, wanda ya rasu bara waccan. Ni na ɗauki hoton, amma ban taɓa lura da ƙullin ba. A da ina zaton Aisa ta san abin da take adanawa. Yanzu ina jin ita ma abin da ya ja idonta kawai ta zana, masu aro suka gaya mata sauran.