Hannun Jarina na Ƙarshe a Masaukin Gwaggo

Gwaggona, ƙanwar babana, ita ke riƙe da wani ɗan masaukin baƙi a Argungu, ɗakuna goma sha biyu da rumfar cin abinci. Ba nata ba ne ita kaɗai. Kamfani aka yi, 'yan uwa da maƙwabta kowa da hannun jarinsa, yawancinsu manoman shinkafa. Nawa kason gado na ci daga babana, ko tsintsiya ban taɓa ɗagawa a wurin ba.

Sai wani attajiri baƙo ya fara bin masu jari ɗaya bayan ɗaya, yana tayi mai tsoka. Bai ɓoye nufinsa ba: in ya samu rinjaye, rumfar abinci za ta koma ɗakin caca, da injuna, don baƙin lokacin bikin kamun kifi. Gwaggo kuwa kasonta bai kai rabi ba.

Ba ta yi kuka ba, ba ta tara dangi ba. Mota ta hau zuwa Birnin Kebbi, lauya ya tabbatar mata kamfanin na iya sayen hannayen jarin masu son sayarwa da ribar da ya tara, ya soke su, ta haka kasonta zai ƙaru. Ta shawo kan sauran suka amince. Aka fasa sayen sabon janareta, aka fasa fenti.

Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin da ta zaɓa. Kowa ya san manomi a gabanin shuka, yana neman taki da man injin ban ruwa, ko nawa ka ba shi zai karɓa. Gwaggo ta ƙi zuwa lokacin. Sai da aka yi girbi, buhuna suka cika ɗaki, sannan ta bi su gida gida, ta biya daidai tayin attajirin. Na ce mata wannan ai ɓarnar kuɗi ce.

Ta ce, "Ɗana, ba ni sayen abin mutum shina cikin matsi. Gobe da wane ido zan dube shi?"

A ƙarshe nawa ya rage, kuma duk wanda ya saye shi, shi ke da rinjaye. Ina aikin gwamnati a Birnin Kebbi, ba yunwa nake ji ba, amma kwaɗayi ya ja ni. Na je wurin Gwaggo na faɗi kuɗin da ya zarce na kowa, ina jiran ciniki.

Ta dube ni jim kaɗan. "Shi kaka so?"

Na ce e. Ba ta rage ko kwabo ba. Na sa hannu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na miƙe zan sulale.

Ta ce, "Zamna. Daga yau kai baƙo na a wanga gida, kuma baƙo ba ya hita nan da yunwa."

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Na ci kaina a sunkuye, ita ko tana ta ƙara mini miya.