Atamfar Inna da 'yar tsanar Hanifa

Ina shiga ɗaki na tarar da 'yata Hanifa zaune da almakashi, ta yanke gefen atamfar marigayiya Innata. Atamfar nan kaɗai na riƙe ranar da aka raba kayanta.



Duk Asabar ɗin da ruwan Douala ya hana mu fita, mukan ɗinka wa 'yar tsanarta kaya da ƙyallayen da telan layinmu a unguwar New Bell yake tara mana. Shekararta shida, ko zare ni nake zura mata. Ga ƙyallaye cike da leda, me ya kai ta akwatina?

Na daka mata tsawa: "Hanifa! Duk waɗannan ba su ishe ki ba?"

Ta ce, "Pardon, Mama, ki yi haƙuri. Na tela ba sa ƙamshin Kaka. So nake in na goya ta in riƙa jin Kaka."

Na ɗauki guntun na shinshina. Ƙamshin turaren wutan Inna yana nan daram. Tun rasuwarta ko buɗe akwatin ba na iyawa.

Sai na zauna na zura zare. Muka ɗinka zani da ɗankwali, ɗinkin duk a karkace, ina ba ta labarin kakarta muna dariya. Rabona da in ambaci Inna ba hawaye, har na manta.

Alhamdulillah da yarinyar nan. Ni na kulle Inna a akwati, ita ta fito mana da ita.

Iyaye, ku fa, wace ɓarnar yaro ce ta taɓa sa ku godiya?