Sallamar Baffa Modi

Wurno

Abin da na fara lura da shi da muka sauka Wurno shi ne har awakin tasha warin albasa suke yi. Wata ta zo tana shinshina jakata, warin ya bugo ni tun kafin in ga buhunan da aka jibge a gindin durumi. Jan ɓawo ya cika ƙasa, yana manne wa mutane a takalmi.

Mu uku muka taso daga Achida bayan sallar asuba: ni, da ƙawata Kulu, da Malama Hadiza mai koya mana aikin gona. An gayyaci makarantun yankinmu horon hutu kan haɗa bidiyo da zane mai motsi don koyarwa, aka ce kowace malama ta zo da ɗalibai biyu. Kulu bakinta ya sa aka zaɓe ta. Ni kuwa zanen da nake yi a bayan littafi ne, domin duk ajinmu sun san ban taɓa tsayawa gaban allo na kai ƙarshen magana ba. Horon na yawo ne: a ɗauka a Wurno, a haɗa a Rabah, a nuna wa 'yan firamare a Goronyo.

Ƙaramar mota muka shiga, mu huɗu a baya, ƙafafuna bisa buhun takin wani. A shingen jami'an tsaro ɗaya ya leƙo, ya ga sandar nan mai ƙafa uku da ake ɗora waya a kai, ya tambayi ko mece ce. Kulu ta ce masa murhun waya ne. Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu, Malama kuma ta mintsine ta a cinya.

Mai horar da mu sunansa Malam Bashiru, daga Sakkwato ya zo. Dogo ne, hannun tabaransa ɗaya da zare aka ɗaure shi. Ya koya mana mu kwantar da waya kada mu tsayar da ita, mu ba rana baya, mu manna gwiwar hannu a haƙarƙari don kada hoto ya yi rawa. Ya ce da an danna jan maɓalli kowa ya kama bakinsa. Dokarsa babba ita ce darasi kada ya wuce minti uku, saboda yara suna gajiya, data kuma tana ƙarewa. Da na ga fuskar Kulu ta fito tas a allon waya, har ɗan tabon da ke gefen girarta, sai na ji hannuna yana ƙaiƙayin aiki.

Bayan la'asar muka hau babura zuwa fadama. Darasinmu dashen albasa ne, kuma wanda zai yi bayani shi ne Baffa Modi, ƙanen mahaifin Malama. Da safe yana karantar da manya a zaure, da yamma yana lambu. Mun iske shi da wankakkiyar riga mai karin guga, amma ya naɗe wando har gwiwa, ƙafarsa cikin laka.

Ni na riƙe waya. Ina dannawa ya dubi idonta ya yi sallama, ya dakata yana jiran amsa. Kulu ta buɗe baki, Malama ta toshe mata. Da ya ji shiru sai ya ci gaba: ya yi salati, ya gai da yaran da za su kalla, ya gai da iyayensu da malamansu, ya tambayi karatu, ya tambayi sanyi. Bayan nan ne ya duƙa ya nuna yadda ake ciro iri ba a tsinke saiwa ba, da yadda ake auna tazara da yatsu, da yadda ake sako ruwa cikin fangalin shuka a hankali. Yatsansa babba ya tsage a gefe, laka ta cika tsagar.

Da za mu tafi ya kafa sharaɗi.

"Hadiza, kada a gwada ma kowa sai na gani da idona. Jibi ina kasuwar Goronyo, wajen masu iri."

Malama ta durƙusa ta ce ta ji. A gidan Baffa muka kwana, aka ba mu tuwon shinkafa miyar kuka da man shanu, Kulu ta ci malmala biyu tana cewa wahalar yin shiru ce ta sa ta yunwa.

Rabah

Da hantsi muka kama hanya a bas ɗin da aka ɗauko wa masu horo. Hanyar akwai ramuka, direba yana kauce musu kamar ya san kowanne da suna. Gonaki duk an girbe, sai kara a tsaye, shanu suna bi suna kiwo. Na rungume jakar waya a ƙirji, domin Baffa Modi yana ciki.

An sauke mu a wata makaranta mai ɗakin kwamfuta da sola. Intanet ya fi ƙarfi ta wajen taga, saboda haka kowa ya ja tebur can. A nan Malam Bashiru ya buɗe mana shafin da ake yin zane mai motsi. Na zana albasa a farar takarda, na ɗauke ta hoto, na ɗora a shafin. Aka nuna mini yadda zan goge farin da ke bayanta, in ce ta fara a nan, ta ƙare a can. Na zana saiwa daban, lawashi daban. Da na danna, sai ga saiwa tana nutsawa ƙasa, lawashi yana tsirowa ɗaya bayan ɗaya, kai yana kumbura. Albasata ce, da ɗan karkacewar da alƙalamina ya yi, ga ta tana girma da kanta. Na sake dannawa, na sake, har Kulu ta ce in na ƙara za ta yi ta tsiro sai ta fasa kwamfutar mutane. Ban san na yi dariya da ƙarfi ba sai da 'yan wata makaranta suka juyo.

Bayan azahar muka koma kan manhajar yanka bidiyo a wayar Malama. Hotuna suna jere a ƙasa kamar zare, murya kuma a ƙarƙashinsu ta yi tudu da kwari kamar kunyoyin gona. Inda Baffa ya dakata yana jiran amsar sallama, layin ya kwanta sumul. Ka sa yatsa ka raba, ka jefar da abin da ba ka so. Kulu ta karanta tambayoyin ƙarshe da muryarta, ni na zauna ga yanka.

Namu ya zarce doka da kusan minti ɗaya. Na cire tarin Baffa, na cire inda jaki ya yi kuka, bai isa ba. Na duba farko, na ga duk gaisuwa ce, ba albasa a ciki ko ɗaya. Na raba, na jefar. Na matso da zanena gaba, na ɗora masa wani ɗan kiɗa da na samu a manhajar. Minti uku cif. Malam Bashiru ya kalla ya ce yankan ya yi tsabta, namu za a fara nunawa gobe. Malama tana can tana taya wata malama, ta leƙo ta ga tsakiya kawai ta ce madalla. Fura da nono muka sha a rumfar makaranta, amma murna ta hana ni sanin ko da sukari a ciki.

Goronyo

Mun yi sammako muka biyo ta Marnona. Tun daga nan hanya ta cika da 'yan kasuwa, jakuna da mangala, babura da kaji a rataye kai ƙasa. Kusa da gari iska ta sauya, ta yi sanyin ruwa, muka fara ganin mata da kwandunan busasshen kifi. Direba ya ce in mun gama da wuri zai kai mu mu ga dam.

An ce za a tara yara kafin azahar. Malama ta ja mu zuwa kasuwa, muka iske Baffa Modi a kan tabarma, baƙin irin albasa a gabansa cikin ƙwarya da ɗan gwangwanin awo. Muka durƙusa muka gaishe shi. Na miƙa masa waya da hannu biyu. Maƙwabtansa biyu suka matso.

Kiɗa ya tashi, albasata ta tsiro, mutanen suka ce ikon Allah. Sai ga Baffa ya bayyana a duƙe yana cewa a kama iri ta gindi. Fuskarsa nake kallo. Bai yi fushi ba, amma ya daina murmushi. Ya bari har ƙarshe, ya ajiye wayar a kan tabarma.

"Wanga tsoho ɗan ina na? Ya faɗo ma ɗiyan mutane ba sallama ba gaisuwa, awa wanda anka koro."

Maƙwabcinsa ya yi dariya ya ce ai ko mai bin bashi yakan yi sallama. Malama ta fara bayanin dokar minti uku. Baffa ya saurare ta har ta gama.

"Na ji, Hadiza. Amma kun ɗebe sunan Allah kun aza kiɗi. Iyayen yaran ga sun san ni, wasu a zaurena sunka yi karatu. Mi za su ce? Ban yarda a gwada shi ba."

Malama ta ɗauki waya za ta sa a jaka. Na tuna layin nan da ya kwanta sumul, na tuna kuma asalin abin da na ɗauka yana nan ban goge ba. Sai na ji bakina ya buɗe.

"Baffa, sallamarka ba ta ɓace ba. Tana nan ciki. Ka ba ni lokaci kaɗan."

Ya dube ni kamar yanzu ya san ina wurin. Ya ce ashe ɗiyar ga tana magana, to yana nan, ba inda za shi.

Cajin waya ya yi ƙasa, muka ruga rumfar mai caji, na tsuguna a gefen janareto wayar tana jone. In na mayar da gaisuwar yadda take, mun karya doka. Sai na lura zanen farko da gaisuwar tsawonsu ya yi kusa. Jiya an nuna mana yadda ake zare murya daga hoto, ban ɗauka zan buƙace shi ba. Na zare muryar Baffa, na jefar da kiɗan, na shimfiɗa gaisuwar a ƙarƙashin zanen. Na rage wa albasa sauri don ta jira shi. Shirun nan na bayan sallama yatsana ya je kansa zai yanke, sai na fasa, na bar shi.

Baffa ya kalla sau biyu. Ya ji sallamarsa, ya ji salati, albasa tana tsirowa a hankali yana tambayar sanyi. Ya ce wa maƙwabcinsa ya duba masa ƙwarya, ya kakkaɓe riga, ya ce mu je, shi ma zai ga yaran.

A makarantar an rufe tagogi da zannuwa, an haska majigi a bango. Yara sun cika aji har ƙasa, surutu kamar kasuwar da muka baro. Na faɗa wa Malam Bashiru abin da na sauya, ya duba tsawon, ya ga bai wani ƙaru ba, ya ce a sa.

Muryar Baffa ta fito da sallama. A cikin shirun nan, ajin gaba ɗaya ya amsa da murya ɗaya, har da malaminsu. Ya tambayi iyaye, suka ce lafiya lau. Ya tambayi karatu, suka ce da godiya. Kafin lawashi na ƙarshe ya tsiro, ba mai motsi. Wata ƙaramar yarinya a gaba, hijabinta ya karkace, tana auna tazara da yatsunta a kan siminti tare da Baffa. Da Kulu ta yi tambayoyi, hannuwa suka tashi ko'ina. Malam Bashiru ya cire tabarau yana dariya, ya ce wannan shirun zai ara ya kai Sakkwato. Baffa yana tsaye a bakin ƙofa, hannu a baya. Da muka fito ya sa mana albarka, ya ce in girbi ya zo a dawo a ɗauki darasin girbi da ajiya.

Achida

Mun ga dam a tsaitsaye, ruwa iyakar ganin ido, masunta kamar ƙudaje a can nesa. Kulu ta sayo wa innarta kifi, ya cika mana mota da ƙarni har gida. Mun iso Achida ana kiran magariba, lafiya lau. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Malam Bashiru, da mutanen da suka sauke mu a Wurno da Rabah, da iyayenmu da suka bar mu muka je.

Malama ta rako ni har ƙofar gidanmu. Ta karɓi jakar waya ta juya za ta tafi, na riƙe bakin mayafinta.

"Malama, in an je ɗaukar na girbi, ki ba Kulu waya ta riƙe. Ina son in tsaya kusa da Baffa, in ya yi sallama ni in amsa mishi."