Ɗigo Uku a Gindin Sanda

Tun gemuna yana baƙi nake awo a wata ƙaramar masana'anta a Kazaure, inda muke feƙe sandunan ƙarfe na injin niƙa. In sanda ta fito daga injin feƙewa, sai in jingine ta a inuwa ta huce, in taɓa da bayan hannu, sannan in sa mata ma'auni. In ta yi daidai, in buga mata ɗigo uku a gindi. Masu niƙa daga Roni har Babura ba sa tambayar komai, gindin kawai suke dubawa.

Sai Alhaji, mai wurin, ya sayo na'urar awo mai kwamfuta, ya ɗauko injiniya daga Kano. Wai ni nake jawo nawar aiki. Ni! Yanzu sanda na fitowa, ko hucewa ba ta yi ba, sai a ɗora ta, allo ya nuna kore, a ce ta wuce.

Na ce, "Injiniya, ƙarfen nan da zafi fa. In ya huce tsukewa zai yi."

Ya yi dariya. "Baba, kwamfuta ba ta ƙarya."

To ni na ce ta yi ƙarya? Abin da aka miƙa mata ta auna, baiwar Allah. Haushi ya cika ni, na kai ƙara wurin Alhaji. Ya ce, "Malam, bar su da awonsu. Kai dai ci gaba da buga ɗigon, mutane sun saba."

Kuma na buga. Wallahi wannan ne yake ci mini rai har yau. Na ji zafin ƙarfen a tafin hannuna, na san komai, na buga.

Bayan kaka wani dattijo mai injin niƙa ya zo daga Roni a kan babur, da sanda naɗe a buhu. Ta yi masa lako-lako a boris ɗin da take juyawa a cikinsa har ta cinye shi, inji ya tsaya, mata suna komawa gida da dawarsu a ka. Bai nemi injiniya ba, bai nemi Alhaji ba. Wurina ya zo, muka gaisa, ya juya sandar ya ɗora yatsa a kan ɗigon.

Ya ce, "Malam, ni ban san kwamfuta ba. Wannan na gani na saya."

Ran nan na jefa ƙusar bugun ɗigon a aljihu na tafi gida da ita, ban sake buga wa kowa ba.