Rumbun Inna Ige a Jaridar Turawa

Akwai masu cika shekara saba'in ba a taɓa buga hotonsu a jarida ba. Ni an buga nawa ina ɗan shekara bakwai, a Ingila ma kuwa, kuma da an yi shawara da ni, da na roƙi a bari in yi wanka tukuna.

Amma bari in fara daga bakin wuta, domin can aka yi shari'ar.

Ƙauyenmu yana bakin hanyar Sakkwato, tafiyar hantsi daga Tambuwal. Idan sanyi ya shigo, da an ci tuwon magariba kakata Inna Ige takan jawo kututture ƙofar ɗakinta ta hura, ta binne gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta, gabanmu na gasuwa bayanmu na kaɗawa. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Cewa take yi, “Ga baƙuwa tafe, ta sha hanya.” Mu kuwa mu amsa, “A ba ta ruwa ta zauna!” Wanda ya amsa da gyaɗa a baki, an hana shi ta gaba. Ni takan kira ni Maigida, irin wasan kaka da jika, kuma kullum ƙorafinta shi ne ta auri miji mai majina wanda bai taɓa saya mata ko ƙwaryar goro ba.

Abin da aka san Inna Ige da shi, daga garinmu har Sanyinna, shi ne rumbunta. Babban rumbun laka ne, wanda sai an kafa tsani ake leƙawa. Idan bazara ta yi tsawo mutane suka ci irinsu, wurinta ake zuwa. Matan Fulani masu wucewa da shanu zuwa wajen Kebbe sun san gidan da ake musayar nono da gero ba a tauye mudu. Sai dai ita ba ta taɓa amsa cewa tana da komai ba. A wurinmu, yabon abinka a gaban baƙo kiran kambun baka ne. Ko ta tara dammai har sun tsere wa katanga, in ka tambaye ta ya amfanin bana, sai ta yamutsa fuska ta ce, “Tau, mun dai samu na kunu.” Kowa a ƙasar ya san fassarar wannan magana. Idan Inna ta ce na kunu, to a nemi ƙarin rumbu.

Autanta, Baffa Sanda, malamin makaranta ne, kuma a shekarar da aka samu mulkin kai gwamnatin Jihar Arewa ta tura shi Ingila ƙaro ilmi. Ya sauka a gidan wata dattijuwar Baturiya mai ba ɗalibai ɗaki. Baffa mutum ne mai son garinsu da baki, saboda haka kafin ya yi wata biyu, duk wanda ya zauna kusa da shi ya ji labarin rumbun uwarsa.

Ana saura 'yan kwanaki bikin 'yancin, an yanke gero yana shan iska a gona, Inna ta sa aka ɗage jinkar rumbun, aka kwashe tsohon hatsi aka zuba a ɗaki, domin a lilliƙe tsagogin da damina ta yi kafin sabo ya shigo. Haka ake yi kowace shekara. Mu yara aka ba mu aikin da muka fi so a duniya, wato tattaka laka. Ina cikin kwaɓin har gwiwa, daga ni sai ɗan bante, laka har cikin kunne, sai ga wata mota ta tsaya a bakin hanya tana huci. Ruwa take so. Direba ya fito da garwa, bayansa wani dogon Bature da abin ɗaukar hoto rataye a wuya da ɗan littafi a hannu. Ɗan jarida ne, wai ya zo ya ga irin ƙasar da za a miƙa wa masu ita.

Ya hau tsani ya leƙa rumbu ya ga wayam. Ya dube ni. Sannan ya sa direban, wani Bazazzagi mai ladabi, ya yi masa tafinta.

“Inna, wai me ke cikin rumbun nan?”

“Iska,” in ji Inna. “Ina ruwanai da rumbuna?”

“Ya ce ya amfanin gona bana?”

“Ce mai mun samu na kunu.”

“Ya ce me kuke fata daga mulkin kai?”

“Allah shi ba mu abin da za mu sa bakin salati.”

Direban ya fassara duka kalma da kalma, ba ragi ba ƙari, kuma wannan ne kaɗai laifin da zan iya ɗora masa. Baturen ya rubuta, ya tsayar da ni a gaban rumbu, ya ɗauka. Da za su tafi, Inna ta dama musu fura, ta sa aka kamo zakara aka saka musu a mota, domin baƙo baƙo ne ko da ya cika tambaya.

Sanyi ya shigo sosai sa'ad da wasiƙar Baffa ta iso. Mahaifina ya karanta ta a bakin wutar nan, da yake da ajami Baffa ke rubuto mana. A cikinta akwai yankin jarida. Ga rumbu ba jinka, ga ni nan kamar an tono ni, haƙarƙarina a waje, ko da yake a shekarun nan haƙarƙarin kowane yaro mai gudu a waje yake. Baffa ya fassara rubutun da ke ƙasa: wai sabuwar ƙasa ta karɓi 'yanci da rumbuna wofi, wai wata tsohuwa ta ce kunu kaɗai ya rage musu, amma duk da haka ta ba baƙo zakaranta na ƙarshe.

“Na ƙarshe?” in ji Inna. “Wa ya ƙidaya mai?”

Mun fara dariya, amma sauran wasiƙar ya tsayar da mu. An ambaci sunan yankinmu a jaridar, kuma dattijuwar da Baffa ya sauka a gidanta ta gane. Tun ranar take ƙara masa dankali a faranti tana share hawaye. Maƙwabtanta sun tara masa tsofaffin riguna ya aiko mana. Abokan karatunsa, waɗanda ya cika wa kunne da labarin rumbu, sun daina tambayarsa gida, irin shirun da ake yi wa mutumin da aka kama da ƙarya ana jin kunyarsa. Ya rufe da cewa, “Inna, na zama maƙaryaci a ƙasar mutane, kuma ba ni da shaida sai ke.”

Kwana uku Inna ba ta hura wuta ba. A na huɗu ta jawo kututture, ta binne gyaɗa, ta ce, “Ga baƙuwa tafe, ta sha hanya.” Muka ba ta ruwa da ƙarfi fiye da kullum.

Wai akwai wani gari mai albarka, wanda labarinsa ba ya fita sai ta bakin shamuwa, domin ita kaɗai ke zuwa ƙasashe masu nisa. Ita kuwa shamuwa da ruwan farko take sauka, lokacin da hatsi ya ja baya, kowa ya rame da noma, ana haɗawa da ganyen tafasa. Ta sauka kan tsamiya ta gaishe su, ta ce ya gari, su ce babu komi, sai godiya. Kafin a yanke gero ta tashi. Duk ƙasar da ta je sai ta ce, “Na ga mutanen, bayin Allah, ganye suke ci.” Fatake suka ji suka canza hanya. Gishiri ya yanke a garin, goro ya yanke, har miya ta zama abin tausayi da gaske.

Dattawa suka yi shawara, da shamuwa ta dawo suka ɗaure mata ƙafa a gindin tsamiya har kaka. Ta ga dammai, ta ga bukukuwa, ta ga 'yan dambe suna zubar da fura don ta yi musu yawa. Ta ce, “Ashe haka kuke? Ku sake ni in tafi in gyara!” To, amma kowane gida ya so ta shaida nasa arzikin da cikinta. Wannan ya kawo tuwo, wancan ya kawo fura, har wata guda. Ranar da aka kwance ta, gari ya taru da kiɗa. Ta buɗe fiffike, ta yi gudu, ta tashi daidai tsayin danga, ta faɗo tim.

Inna takan yi wannan “tim” ɗin da dukan cinyarta, kuma ranar sai da ta yi shi sau uku saboda mun roƙa.

“Ƙanwatta kau,” ta ci gaba, “wata 'yar ramamma da ba wanda ya kula da ita, tun tuni ta tashi da tsohon labari. Ita har yau tana bisa hanya. Baƙuwa ta sha ruwa, ta tashi. Wanda bai gane ba shi tambayi shamuwa baɗi.”

Na ce, “Inna, ai shamuwa ba ta cin tuwo. Fara take ci.”

“Ji min Maigida! Ka wanke kunnuwanka tukuna, duniya duk ta gan su.”

Da dariya ta lafa, yayata ta tambaya, to laifin wa ke nan? Inna ta daɗe tana tona toka da tsinke.

“Shamuwa ba ta yi ƙarya ba,” ta ce. “Abin da tag gani shi tak kai. Amma su mutanen garin, da ta gaishe su, mi sunka ce mata?”

Mahaifina ya yi tari ya dubi sama. A iya sanina, wannan ne karo ɗaya tak da Inna Ige ta amsa laifi, kuma ko shi sai da ta sa wa tsuntsu riga.

Washegari da hantsi ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta sa aka buɗe rumbu maƙwabta na kallo, ta ce tubarkalla da ƙarfi har sau uku, ta sa aka fito da dami, ta zaɓi zangarniyar da ta fi kowace, doguwa kamar hannun babban mutum, ƙwaya a cike ba gurbi. Aka naɗe ta a ƙyalle aka ɗinke, mahaifina ya kai gidan waya a Sakkwato. Saƙonta gajere ne: “A faɗa ma Auta shi aza wagga bisa teburin matar. Ga shaida.”

Amsa ta zo ana gab da bazara. Baffa ya ce ya aza, kamar yadda aka umarta. Dattijuwar ta juya zangarniyar, ta yi murna ƙwarai, ta ce ba ta taɓa ganin mai girma haka ba. Sannan ta ɗauka ta rataye a kejin wani ɗan koren tsuntsu da take kiwo, domin a ƙasarsu tsuntsaye ake saya wa irin wannan. Da ya bayyana mata cewa abincinmu ke nan, sai ta sake fashewa da kuka. Amma tsuntsun ya kwana goma sha yana ci bai kai rabi ba, maƙwabta suna zuwa kallo, wani malamin aikin gona ya zo da ma'auni ya gwada ya kaɗa kai, kuma yanzu matar tana gaya wa kowa cewa uwar Sanda ce ta fi kowa iya noma a Afirka. Abokan karatunsa sun koma tambayarsa labarin rumbu. An daina kawo riguna. Ƙarin dankalin ne dai ba a daina ba.

Inna ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. “Tau, madalla! Ga tsuntsu guda ya san gaskiya, shi kau yana cikin keji!”

Na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa, na saurari rediyon ƙasashe da yawa, na kuma je aikin hajji inda wani bawan Allah daga gabas mai nisa ya ji sunan ƙasarmu, ya riƙe hannuna da tausayi, ya lissafa mini masifunmu ɗaya bayan ɗaya ba kuskure. Duk sun faru. Na so in ji haushi, sai na tuna abin da ni ma na sani game da tasa ƙasar: ambaliya ɗaya da girgizar ƙasa ɗaya. Shamuwarsu ce ta zo mana, ita ma ramammiya. Muka zauna a inuwa, da guntun Larabcinsa da guntun nawa, na tambaye shi me suke nomawa. Ya yi awa guda bai gama ba.

Tun daga nan, in baƙo ya tambaye ni ya ƙasa, nakan faɗi na kunun, domin akwai shi, sannan in ce tubarkalla in buɗe rumbun. Ban ga kambun baka ya kama ni ba tukuna.

Yankin jaridar yana nan a akwatina, ya yi ja. Jikokina sukan karɓa su yi ta dariyar kunnuwana. Ni kuwa wani wuri nake duba. A gefen hoton, bayan kafaɗata ta hagu, ana ganin ƙofar wani ɗaki. A cikinsa tsohon hatsin yake, tari har rufi. Ƙofar a rufe take ruf, kuma na tuna wanda ya rufe ta. Inna ce, da hannunta, tun da ta hango motar.